Shirun da Na Koya wa Caku

Kafin ku fara yi mini faɗa a ƙasan rubutun nan, ku bari in kai ƙarshe. Na ga tambayoyinku: "Rashmila, ina aka kwana a maganar gwe? Sun kawo ko ba su kawo ba?" Ba su kawo ba. Kuma ba Nini ce ta ɓata lamarin ba, ba mahaifiyar Sugat ba ce, ba ma Caku ba ne, duk da shi aka fi nuna wa yatsa a gidanmu.

Wanda yau ya fara karanta ni, ga yadda abin yake. Sugat shi ne saurayin da mai dalilin aure ta kawo gidanmu, likitan dabbobi ne. An yi da danginsa cewa bayan bikin Tihar za su aiko da gwe, goron nan mai tauri da ake jerowa a faranti, wanda in an karɓa magana ta ƙare, sai sa rana. Nini ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe mu tun rasuwar Ma, mahaifiyarmu. Caku kuwa kare ne.

Ɗan mitsitsi ne, gashi ya rufe masa ido, launinsa irin na alawar raken da muke ci da sanyi, shi ya sa yayata Sarmila ta laƙaba masa sunan alawar. Nata ne. A cinyarta ya girma, a gefen filonta yake barci, shinkafa ma da hannu take ba shi. Sai ta yi aure ta bi mijinta Ostireliya, ta bar mini shi da kwandon barcinsa da wata tsohuwar rigarta, wai ya riƙa jin ƙamshinta. Tun ranar da aka sauko da akwatunanta daga bene Caku ya buɗe baki.

Ba haushin gadi ba ne, da sai mu ce ya yi amfani. Wani siririn kuka ne, iiii, iiii, sai ya rufe da ɗan haushi guda, ya karkata kai ya dube ka ya ga ko saƙo ya isa. In na zauna cin abinci, kuka. In na ɗauki waya, kuka. In Aji, kakata, ta ɗauki carbinta, nan ne ma yake ƙure murya. Gidanmu kuwa irin tsofaffin gidajen garinmu Patan ne, siriri dogo, ɗaki a kan ɗaki, kicin a can ƙololuwa. Duk abin da aka yi a ciki sai ya gangara tsakar gidan da muke tarayya da maƙwabta.

Kowa da irin amsarsa. Nini tsawa: "Rufe mana baki, ɗan banza!" Aji ta zaro gutsuren biskit daga ɗamarar zaninta ta miƙa masa a ɓoye. Ni kuma in ce, "Haba Caku, mene ne kuma?" in ɗauke shi. Minti kaɗan ya huta, ya dawo da sabon ƙarfi.

Ranar da mahaifiyar Sugat ta zo ganina, na sa doguwar rigata mai ruwan zuma da siririn mayafi, Nini ta maƙala mini 'yan kunnen Ma na zinariya, na shigo da farantin shayi ina taka katako a hankali kamar yadda aka koya mini. Tun daga matakala Caku ya biyo ni da kuka. Matar nan ta kai kofi baki, ta sauke ba ta sha ba.

"Kullum haka yake yi?"

"A'a, baƙi ya gani," in ji Nini, tana murmushin da bai kai ido ba.

"Hmm. Gidan da kare ke kuka..." Ba ta ƙarasa ba, kuma ba sai ta ƙarasa ba. Kowace tsohuwa a unguwarmu ta san abin da ake cewa kare yana hangowa in ya yi kuka.

Suna fita Nini ta juyo kaina. "Maica," haka suke kirana a gida, "ki ji ni da kyau. Ko dai karen nan ya yi shiru kafin Tihar, ko in sa a kai shi gona a bayan gari. Ba zan zuba ido ɗan guntun gashi ya hana ki aure ba."

Na gaya wa Sugat a waya, har da ɗan kukana. Washegari da yamma sai ga ƙarar babur ɗinsa a bakin lungu.

Ku bari in kwatanta muku shi, don ku san abin da nake magana a kai. Dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofarmu. Gilashinsa kullum yana zamewa kan hanci. Yana ƙamshin sabulun asibiti. Kuma yana da surutu, surutun da ko itace ya samu sai ya tambaye shi lafiyar ganyensa. Ya hau saman bene inda Aji ke shanya barkono, ya ajiye hular kwano, ya zauna dirshan a ƙasa ya ɗora Caku a cinya. Ya duba kunne, ya duba haƙori, ya matsa ciki.

"Ba ya ciwo," ya ce. "Ku ne kuka koya masa."

"Mu?" Nini ta dafe ƙirji. "Ni da nake masa tsawa safe da yamma?"

"Nini, tsawar ma a wurinsa hira ce. Ya yi kira, kin amsa."

Aji ta tuntsire da dariya. "Ashe abokin hirarki ne, shi ya sa kike ƙin aure."

"Ke ma Aji ban manta da ke ba," in ji Sugat. "Mene ne wannan a ɗamararki?"

"Maganin tari ne."

"Maganin tari mai sukari a kai?"

Sai ya juyo gare ni, ya gyara gilashi. "Rashmila, abu ne mai sauƙi, amma yana son taurin zuciya. In ya fara, kada ki dube shi, kada ki yi masa magana, kada ki taɓa shi. Ki zama bango. Da zarar ya yi shiru, ko na numfashi ɗaya ne, ki juyo ki ce masa 'yauwa', ki ba shi ɗan abu mai daɗi. Kalma ɗaya kullum, don ya gane ta. Yauwa."

"Shi ke nan?"

"Zai ƙaru kafin ya ragu. Zai ga abin da ya saba yi ya daina aiki, sai ya ƙara murya, ya ƙara naci. In kika sare a daidai nan, to kin koya masa cewa dogon kuka ne ke biya. Sai ki daure."

Daga nan ya ce, "Amma ki ji wannan, shi ne babba." Ya ce kare mai neman a kula shi ba ƙarya yake yi ba, da gaske yana bukata. Ya ce in riƙa ba shi tun kafin ya roƙa: in fita da shi yawo, in yi wasa da shi, in kira shi alhali yana kwance bai ce komai ba. Na ji da kunnena, har kai na gyaɗa. Amma idona yana kan yatsunsa da ke tsefe gashin Caku, kuma na ɗauki maganar irin ƙarin bayanin nan na likitoci, ki sha ruwa da yawa, ki riƙa motsa jiki. Wa yake riƙe wannan?

Na fara aiki a daren farko na makon. Na ƙwace biskit ɗin Aji, na sa Nini ta yi alkawarin haɗiye tsawarta. Caku ya yi kuka, na juya masa baya. Ya zagayo gabana, na ɗaga kai ina kallon rufi. Ya yi shiru don ya ja numfashi, na ce "yauwa," na ba shi ɗan tsinken nama. Ya dube ni kamar ya ga sabon mutum.

Kamar yadda Sugat ya faɗa, abin ya ƙaru. Kwanakin nan ba na son tuna su. Caku ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ya riƙa karce ƙafar kujera, ya ɗauko tsohuwar rigar Sarmila ya ajiye a kan ƙafata. Maƙwabcinmu mai ƙera gumakan tagulla ya leƙo ta taga ya ce, "Yanka shi kuke yi ko me?" Aji ta shige ɗakinta tana share ido da bakin mayafi. Ni kuwa na daure. Ban san ina da irin wannan taurin zuciyar ba, kuma gaskiya na ji daɗin gano shi.

To, a nan ne labarin ya karkace.

Sugat mutum ne mai saƙo. Da safe kafin in wanke fuska: "Kin tashi?" Da hantsi: "Kin ci shinkafa?" Da yamma: "Kin ci shinkafa?" Tsakanin nan hoton kyanwar da ya ɗinke wa ƙafa, hoton akuyar da ta cinye masa takarda, sai hoton Dalle, tsohon karensa baƙi mai furfura a baki, wanda ya tsinta a kwata tun yana ɗan makaranta. Dalle a kan takalminsa. Dalle yana hamma. "Dalle ya rage cin abinci kwanan nan, tsufa." Ni kuma ina ofishin sayar da tikitin jirgi, ga biki ya matso, kowa yana son ɗansa ya dawo gida, waya biyu a kunne, tawa kuma tana ta tsuwa a kan tebur.

Nini ta lura da yadda nake saurin amsawa. "Ke ba ki da kunya ne? Ba a kawo gwe ba kina rawar jiki haka? Ki riƙa jan ransa. Namijin da ya samu amsa tun kafin ya rufe baki, gobe ba zai tambaya ba."

Ranar Asabar Sarmila ta kira, fuskarta cike da allon waya, tana cin wani abu.

"Tata," na ce mata, haka nake kiran yayata, "kin san Sugat da karenki halinsu ɗaya? Shi iiii, shi kuma 'kin ci shinkafa'."

Ta yi dariya har ta ƙware. "To ki ba shi maganin da ya rubuta da hannunsa mana! Ki zama bango!"

Muka yi ta dariya. Wasa ne, na rantse muku wasa ne. Amma da yamma da "Kin ci shinkafa?" ta shigo, sai na tsinci kaina ina kallon saƙon ina murmushi, na kife wayar. Ban amsa ba sai da ya jima bai sake turo komai ba. Sannan na rubuta, "Na ci."

Washegari haka. Jibi haka. In ya jero saƙonni, ni bango ce. In ya yi shiru na wani lokaci, in jefa masa 'yar fuska mai murmushi. Ba don ba na son sa ba. Ku fahimce ni, ina son sa, har yanzu in na ji babur a lungu sai na leƙa taga. Kawai na ga ina da wani iko da ban taɓa samu ba, ni da kullum ake gaya wa yadda zan zauna da yadda zan riƙe faranti.

Shi ma ya ƙaru kafin ya ragu. "Lafiya kuwa?" "Aiki ne ya yi yawa?" "Na yi wani laifi ne?" "In zo in ɗauke ki daga ofis?" Ina karantawa ina cewa a raina, likita, ai kai ka faɗa.

A gida kuwa Caku ya yi shiru. Da farko ina ce masa yauwa ina ba shi nama, daga baya da shirun ya zauna sai na manta. Ga shara da goge-gogen biki, ga fitilun da za a jera a tagogi, ga ɗinki wurin tela. Yawo? Wane yawo? Ya koma ƙarƙashin matakala da rigar Sarmila, ba a jin ko motsinsa. Nini ta aika wa mai dalilin aure cewa a gaya wa surukai kare ya warke.

Sai ranar Talatar nan da rana.

Ina tsakiyar nema wa wani dattijo kujera a jirgin Doha wayata ta fara ƙara. Sugat. Na bar ta ta katse. Ta sake. Ta sake. Shi ba mai kira ba ne a lokacin aiki, mai saƙo ne, ya kamata wannan kaɗai ya tsayar da ni. Abokiyar aikina ta ce, "Ke, ɗauki mana, ko gobara ce?" Saƙo ya shigo: "Rashmila, ki ɗauka." Ba alamar tambaya, ba 'yar fuska, ba komai.

Kun san abin da na ce a raina? Na ce, ga ƙololuwar nan. In na sare yanzu, na koya masa cewa dogon kira ne ke biya. Na kife wayar, na ɗora mata fayil a kai.

Da na tashi daga aiki, wayar ta daɗe da yin shiru. Ina tafe a gefen titi, masu furanni sun baje kaya, raina fes, na rubuta masa: "Yauwa. Yanzu na samu sarari. Ya aka yi?"

Ya jima kafin ya amsa. "Ba komai. Ya wuce."

Daga ranar babu "Kin tashi?" Babu hoton akuya. Babu shinkafa. In na yi magana ya amsa a gajarce, cikin ladabi. Na kira Sarmila na ce mata, "Tata, magani ya ci, su biyun." Da bakina na faɗi haka.

Ranar karnuka ta zo, rana ta biyu ta Tihar, wadda ake girmama karnuka da abinci da furanni. Tun da sassafe lungunmu ya cika da karnukan titi masu tika, jan ɗigon nan na albarka, a goshi da sarƙar furanni a wuya, suna yawo da ƙoshi kamar angwaye. Aji ta ɗaura baƙin zaninta mai jan baki, ta shirya farantin Caku da kanta: dafaffen ƙwai, nama, kindirmo, da sel, wainar shinkafar nan mai kamar zobe. Ni na sa jar riga da awarwaron gilashi. Muka sauko tsakar gida. Ban san Sugat zai zo ba, sai ganinsa na yi ya sunkuyo ta ƙofa, hular kwano a hannu ɗaya, leda a ɗayan. Ya rame. Na lura, amma na ce aikin biki ne.

Ya gaida Aji, ya gaida Nini. Ni ya gyaɗa mini kai.

"Likita, zo ka ga aikin hannunka!" in ji Nini. "Ko tari ba ya yi. Maica, ɗauko shi."

Na kira Caku, bai fito ba. Sai da na durƙusa na jawo shi daga ƙarƙashin matakala. Na ajiye shi a kan tabarma. Aji ta ɗiga masa tika, ta yayyafa masa furanni, ta tura masa faranti. Caku da ke iya tashin gida saboda ƙamshin ƙwai, ya sunsuna, ya kwantar da haɓa a kan ƙafafunsa.

"Ni dai na fi son sa da kukansa," in ji Aji a hankali.

"Kin fara, ko?" in ji Nini.

Sugat ya buɗe ledar ya fito da sarƙar furanni, babba, ta fi ƙarfin wuyan Caku nesa ba kusa ba. Ya tsuguna ya ninka ta biyu ya rataya masa. Wurin ya yi mini nauyi, na so in saki fuskar kowa, sai na ce da fara'a:

"Wannan ai ta Dalle ce! Ka sa masa tasa tun da asuba, ko? Ina hoton? Yau ba ka turo ba."

Bai ɗago ba. "Tasa ce. Mai furanni ta saba kawo mini duk shekara, ban tuna na hana ta ba."

"Ban gane ba."

"Dalle ya mutu, Rashmila."

Aji ta dafe baki.

"Yaushe?"

"Ranar Talata. Ƙodarsa ta tsaya. Ni na yi masa allurar da kaina." Ya gyara furen da ya rufe wa Caku ido. "Na yi wa karnukan mutane ba adadi, amma ranar hannuna ya ƙi tsayawa. Na so wani ya riƙe masa kai kawai. Ofishinku ba nisa."

Me zan ce? Ina neman kujerar Doha?

Ya ɗaga haɓar Caku, ya dubi idonsa, ya shafa haƙarƙarinsa. "Yaushe rabon da ki fita da shi?"

Na sunkuyar da kai.

"Yaushe rabon da ki kira shi bai roƙa ba?"

"Ai ka ce in ya yi shiru..."

"Karen da ya koyi shiru, in kin shigo yana kaɗa wutsiya, yana kallonki, yana jira, don ya san abin yana zuwa. Wannan ba jira yake ba. Ya yanke ƙauna ne."

"To mu dai ba shiru muke nema ba?" in ji Nini.

Ya miƙe, ya yi wa Aji sallama, ta cusa masa sel a leda yana cewa a'a. Na bi shi har bakin lungu, mayafina yana ja a ƙasa, mutane suna kallo ban damu ba.

"Sugat, tsaya. Ban sani ba. Da na sani..."

"Na san ba ki sani ba." Babu faɗa a muryarsa, da ma ya yi faɗan. "Tun makon farko na gane abin da kike yi. Ni fa na koya miki. Na ce wasa take, bari ta yi nishaɗinta, ni ma na san ina da yawan magana."

"Wasa ne, wallahi wasa ne."

"Na dawo daga binne shi, ƙasa a farcena, na buɗe waya." Ya sa hular kwano, ya tsaya yana neman maɗaurin. "Yauwa kika rubuto mini, Rashmila."

Ban taɓa sanin kalma ɗaya za ta iya sa mutum ya so ƙasa ta tsage ba. Ni ban ma lura na rubuta ta ba. Ta zauna mini a baki ne kawai, kamar yadda ya ce ta zauna.

"Kin iya darasin," ya ce. "Rabinsa." Ya tada babur.

Bayan biki Nini ta kasa haƙuri ta kira mai dalilin aure, ta sa wayar a bayyane don in ji albishir da kunnena. Matar ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi lafiyar Aji, ta tambayi ciwon gwiwar Nini, sannan ta ce uwar ta yarda, tunda an ce kare ya daina kuka har farantin ta sa an goge. Yaron ne ya ce a dakata.

"A dakata zuwa yaushe?"

"Bai faɗa ba."

Nini ta kashe wayar ta zuba mini ido. "Me kika yi masa?"

"Abin da kika ce. Na ja ransa."

"Na ce ki ja, ban ce ki tsinka ba!" Ta tashi ta hau kicin, na ji tana buga tukwane. Ban ga laifinta ba. Ita shawara ta bayar irin ta mutanen da, ni na mayar da ita horon kare.

Yanzu kullum da safe kafin ofis ina fita da Caku. Muna zagaya dandalin haikali, yana sunsunar ƙafar masu sayar da kayan miya, tattabaru suna tashi a gabansa. Ran farko sai da na ɗauke shi a hannu, ya ƙi takawa. In na dawo aiki ina zama a ƙasa in kira shi, ko ya zo ko bai zo ba. Ya fara cin abinci. Shekaranjiya ina tsefe masa gashi na tsaya don in duba waya, sai na ji wani ɗan siririn iiii, ƙasa-ƙasa, kamar mai tambayar ko an yarda. Aji ta leƙo daga ɗakinta da carbi a hannu, fuskarta kamar an yi mata kyauta. Na san doka, na san ya kamata in jira ya yi shiru. Na ɗauke shi na rungume, na jiƙa masa gashi da hawaye. Za mu gyara daga baya, ta hanyar da aka ce.

Shi kare yana gidanmu, ina iya durƙusawa in jawo shi daga ƙarƙashin matakala. Sugat fa?

Na rubuta masa, "Ka yi haƙuri." Alamar nan biyu ta koma shuɗiya. Shiru. Na tura masa hoton Caku a dandali. Ya gani. Shiru. Da hantsi na rubuta abin da ban taɓa rubuta masa ba tun da muka haɗu: "Ka ci shinkafa?" Da yamma na sake. Washegari na jero saƙonni har ban san adadinsu ba, na yi saƙon murya ina kuka na goge, na sake yi na tura. Na kira, ta yi ta ƙara har ta katse. Na sake kira. Ina shirin dannawa a karo na gaba ne na ga fuskata a baƙin gilashin wayar, ido ya kumbura, baki a buɗe, sai na ji muryarsa a saman bene, tsakanin barkonon Aji: zai ƙaru kafin ya ragu.

Na ajiye wayar a kan tabarma, a hankali.

Ku da kuke karantawa, ku taya ni wannan lissafin, don ni kaina ya ƙi ɗauka. In rama mini yake yi, in horon ne yake mayar mini, to na san dokar, shi ya koya mini ita: da zarar na yi shiru zai juyo. Zan karɓa, ko yauwa ya rubuto zan karɓa da hannu biyu. In kuma irin shirun ƙarƙashin matakala ne, to ba jira yake ba.

Na yi shiru tun jiya da la'asar. Wayar tana nan kusa da gwiwata, fuskarta a sama, Caku ya ɗora haɓa a gefenta. Mu biyu muke kallonta.